Teburin Mai Shayi da Darasin Kudu Maso Gabashin Asiya

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wani irin gidan abinci da ya zama ruwan dare a unguwanni. Ɗaki ne madaidaici mai tebura goma ko ashirin, ana dafa abincin Tailan ko Biyetnam ko Maleshiya a ciki, a gefe guda kuma ga kanta inda wani gwani yake haɗa abin sha iri-iri, wani da barasa, wani babu. Mutanen unguwa sukan taka da ƙafa su je bayan an tashi daga aiki, su ci taliya mai yaji, su sha abin da aka haɗa musu, su taɓa hira, su koma gida. Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Landan ko Kuala Lumpur ya san irin wannan wuri, kuma idan ya zo hutu Wurno ko Rabah ko Goronyo yakan ɗauka ya baro shi can ƙetaren teku.

Da zai tsaya a bakin tasha bayan sallar isha'i ya ƙare wa teburin mai shayi kallo, da ya sake tunani. Taliyar da ke tafasa a ƙaramar tukunya sunanta Indomie, asalinta Indunusiya. Kanumfarin da ke ƙamshi a ruwan shayi, mahaifarsa tsibiran Maluku na wannan ƙasa. Yadda mai shayi ke ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani kofin har ya yi kumfa, haka ake yi a Maleshiya, inda suke kiran abin teh tarik, wato shayin da aka ja. Kafin 'yan shekarun nan, shinkafar da mai abinci ke zubawa da rana a gefen wannan tebur ɗin sau da yawa daga Tailan aka yo jigilarta. Ashe gabashin Sakkwato ya daɗe da nasa gidan abincin Kudu Maso Gabashin Asiya, allon suna kawai ba a kafa masa ba.

Bambancin da ke tsakani shi ne abin dubawa. Mutanen can sun ɗauki mai tuya a bakin titi a matsayin dukiyar ƙasa, suka gina masa rumfa, suka ja masa ruwa, suka kai sunan abincinsa duniya. A nan kuwa an bar shi da benci da fitila, ba a tunawa da shi sai ranar karɓar haraji, alhali kwarin Rima yana noma kusan duk abin da tukunyarsa ke buƙata. Wannan sakaci yana cin kuɗin yankin, yana cin lafiyar jama'a, yana cin karatun 'yan mata, kuma gyaransa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Yadda Indunusiya ta iso bakin tasha

An fara yin Indomie a Indunusiya a farkon shekarun 1970, kuma sunan kansa haɗi ne na sunan ƙasar da kalmar da suke kiran taliya da ita. Kamfanin Tolaram, mai mazauni a Singafo, shi ya fara shigo da ita Nijeriya a 1988, lokacin da yawancin mutane ba su san abin da za su yi da ita ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun tare da masu kamfanin na Indunusiya, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna. A 2023 ƙididdigar ƙungiyar masu yin irin wannan taliya ta duniya ta nuna 'yan Nijeriya sun ci kusan ƙunshi biliyan 3 a shekara guda. Sunan kamfani ya zama sunan abinci, har yaro yakan kira kowace taliyar leda indomi.

A ƙasar Hausa mai shayi ne ya yi mata jagora. Shi ya gane cewa tana nuna cikin mintuna kaɗan, ba ta lalacewa a ajiye, ba ta buƙatar firiji, kuma idan aka yanka mata albasa da attaruhu aka soya ƙwai aka ɗora, ta zama abincin daren ɗan acaba da direba da ɗalibi da ma'aikacin da iyalinsa ke wani gari. Abin sha'awa, Indunusiya ma tana da irin wannan tebur. Suna kiransa warmindo, ƙaramar rumfa da ake dafa Indomie da ƙwai ana sayar wa ɗalibai har tsakar dare. A Maleshiya kuma akwai shagunan mamak na Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana, ba a sayar da barasa, ana shan shayi ana kallon ƙwallo ana gardamar siyasa. Malaman jami'o'in Arewa da suka yi digirin digirgir a can za su shaida cewa majalisar mai shayi ce aka yi wa rufi da tayil.

Sai dai a bi sawun kuɗin farantin nan a gani. Taliyar fulawar alkama ce, kuma mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake sayo ta da dala. An soya ta da man ja da aka tace, an ƙunsa ta a masana'antar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita. Abin da ya rage wa Goronyo a cikin farantin bai wuce albasa da attaruhu da ladan mai dafawa ba. Shi ya sa da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, teburin mai shayi yana cikin wuraren da aka fara jin zafin abin. Mai cin ƙunshi biyu ya koma ɗaya, mai sa ƙwai ya haƙura da ƙwan. Indunusiya kanta ba ta noma alkamar kirki, sayowa take yi ta niƙa ta sarrafa ta sayar wa duniya. Fadamun Rima kuwa suna ba da alkama da rani, amma ba su da ko ƙaramar masana'antar da za ta mai da ita abin da ake ci a bakin tasharsu.

Shinkafa 'yar waje a ƙasar shinkafa

Labarin shinkafa ya fi wannan ciwo. Afirka ta Yamma tana da irin shinkafarta na asali, wanda aka fara nomawa a kwarin kogin Kwara shekaru dubbai da suka wuce, kuma fadamun Sakkwato suna cikin tsofaffin gidajenta. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, domin noman rani da shayar da birnin Sakkwato. Wurno tana da nata shirin noman rani da ke dogaro da madatsar Lugu, kuma sunanta ya yi nisa wajen tafarnuwa da albasa da shinkafa. Duk da haka, shekara da shekaru mai gida da ya sami ɗan hali yakan nuna hakan ne da buhun 'yar waje.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shinkafar Tailan takan zo a turare, a cashe, tsawonta ɗaya, babu tsakuwa, uwargida ta wanke sau ɗaya ta zuba a tukunya. 'Yar Hausa ta fi ta ɗanɗano a bakin mutane da yawa, amma sai an zauna an tsince, an rege, kuma duk da haka haƙori yakan gamu da tsautsayi. Mai sayar da abinci da ke dafa tiya goma kafin azahar ba ta da wannan lokaci. Manomin Tailan bai fi na Goronyo ƙwazo ba. Abin da ya fi shi da shi yana bayan girbi: wurin shanya mai tsabta, injin casa, injin cire tsakuwa, da ma'aunin inganci da kowa ya yarda da shi.

A 2014 shinkafar da Tailan ta aiko Nijeriya kai tsaye ta haura tan miliyan ɗaya. Bayan an hana masu shigo da ita dala a farashin gwamnati, aka kuma ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, adadin ya faɗi ƙasa da tan 30,000 a 2017. Amma a daidai wannan lokaci ƙaramar Jamhuriyar Benin ta shiga sahun gaba na masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma kowa ya san inda buhunan suke ƙarewa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, har da ta Illela, injinan casa suka ƙaru a Arewa, 'yar gida ta gyaru ƙwarai. Wannan ya nuna cewa ingancin da aka ɗauka na Tailan ne kaɗai ana iya samar da shi a gida. Ya kuma nuna cewa kulle ƙofa shi kaɗai ba ya sauko da farashi.

Haɗi ba tare da barasa ba

Ɓangaren kantar shaye-shaye na gidan abincin Landan ba shi da gurbi a Wurno, kuma babu mai neman a yi masa. Jihar Sakkwato ta ɗauki dokokin Shari'a tun 2000, kafin nan ma al'adar garuruwan ba ta karɓi sayar da giya a fili ba. Amma idan aka cire barasar, sana'ar da ta rage ita ce iya haɗi, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mai shayi ya san wanda ke son ruwan bunu, da mai son kauri, da wanda sai an ƙara masa citta, ba tare da an faɗa masa ba. Mai dama fura ta san gwargwadon nono da yajin da kowane mai saye ke so. Zoɓo, wanda Sakkwatawa ke kira soɓo, da kunun aya, da kunun zaƙi, da ruwan tsamiya, da lamurje, kowanne yana da ma'auni da sirrin da ake gada.

Kayan haɗin ma sun yi tarayya da na can fiye da yadda ake zato. A Tailan ana shan zoɓo da ƙanƙara. Tsamiya, wadda asalinta Afirka ce, ita ke ba fitacciyar taliyarsu ta pad thai ɗan tsaminta. Zogale abincin yau da kullum ne a Filifin. Naman satay da ake gasawa a tsinke a ci da miyar gyaɗa a Indunusiya da Maleshiya ɗan'uwan tsire ne da ƙuli-ƙulinsa. Ruwan kifin da aka tsima, wanda warinsa ke korar baƙo amma miya ba ta daɗi sai da shi, aikin daddawa yake yi. Gidajen abincin Turai suna sayar da kofin zoɓo da citta a kan kuɗin da zai sayi tiyar zoɓo a kasuwar ƙauye, don kawai sun tace shi da ruwa mai tsabta, sun zuba a gilashi, sun ba shi suna.

Akwai kuma wani haɗin da ba a son ambato. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan an fallasa yadda matasa ke zuba shi a lemon kwalba suna sha, musamman a Arewa. Matashi ba ya rasa wurin zama da dare, ko dai a fili inda dattawa ke wucewa suna ganinsa, ko a kango. Teburin mai shayi mai haske, wanda liman da malamin makaranta ba sa jin kunyar tsayawa, yana cikin katangun da suka rage tsakanin samari da kangon.

Kunyar ci a waje, da farantin da ke kan yarinya

Abin da ya daɗe yana danne wannan sana'a shi ne kallon da ake yi mata. A tarbiyyar Bahaushe, magidanci mai mutunci a gidansa yake cin abinci, ko a zaure tare da maƙwabta kowa ya fito da kwanonsa. Malaman fiƙihu sun lissafa ci a tsakiyar kasuwa cikin abubuwan da ke rage kamalar wanda bai saba da hakan ba. Matar da ta kafa tukunya a tasha kuwa, sunan 'yar tuwo-tuwo da ake kiranta da shi ya isa ya nuna matsayin da aka ajiye ta. Wannan tarbiyya tana da hikimarta, domin ta tsare cin abinci tare da iyali, ta kuma hana mai shi ya ci a gaban marar shi.

Amma kunyar ba ta hana cinikin ba, ɓoye shi ta yi. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana yadda gidajen ƙauyen Hausa suke kasuwa ce a ɓoye, matan aure suna dafawa a cikin gida, yara suna kaiwa waje. Haka abin yake har gobe a Rabah da Wurno da Goronyo. Masa da ƙosai da safe, ɗanwake da taliyar murji da hantsi, hoce da kwaɗon zogale da rana, tuwon shinkafa da miyar sure da dare, yawancinsu daga tsakar gida suke fitowa. Gidan abincin unguwa na gaskiya yana bayan katanga, kuma ma'aikaciyar da ke kai wa masu saye yarinya ce 'yar shekara tara ko goma da faranti a ka, a lokacin da ya kamata tana aji, a tashar da babu mai tsare mata mutunci.

An sha yin dokar hana talla a jihohin Arewa, an sha ganin ta mutu, domin dokar ba ta faɗa wa uwar yarinyar yadda za ta sayar da masarta ba. Kuɗin tallan nan shi ne cefanen gidan, shi ne kayan ɗakin yarinyar. Duk gyaran da bai samar wa tukunyar uwa wata hanyar isa ga mai saye ba, wasa ne da hankalin talaka.

Abin da Singafo da Tailan suka yi

A shekarun 1960 titunan Singafo cike suke da masu tuya da dahuwa, suna wanke kwanuka a bokiti ɗaya, suna zubar da ƙazanta a magudana, cututtukan kwalara da taifot suna yawo. 'Yan sanda sun yi ta korarsu ba su koru ba. Daga nan gwamnati ta sauya dabara. A 1968 da 1969 ta yi musu rajista, daga 1971 zuwa 1986 kuma ta gina musu cibiyoyi masu rufi, da famfo, da magudana, da wurin zubar da shara, da tebura na kowa da kowa, a kan haya mai sauƙi. Jami'an lafiya suna dubawa su manna wa kowace rumfa shaidar tsabtarta inda mai saye zai gani. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi sama da 100, attajiri da lebura suna cin abinci a tebur ɗaya, kuma a watan Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon ɗan'adam da ya cancanci kiyayewa.

Tailan ta bi ta wata hanyar. Tun a ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940 gwamnatin Phibun ta ƙarfafa wa jama'a cin taliyar da aka yi da garin shinkafa, har pad thai ta zama abincin ƙasa. A 2002 kuma gwamnati ta fito da shirin ƙara yawan gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje daga kimanin 5,500 zuwa 8,000, da rance, da horar da masu dahuwa, da takardar shaidar inganci. Lissafin a fili yake, kowane gidan abinci da aka buɗe a Landan ko Sidni kasuwa ce ta dindindin ga shinkafa da kayan yaji na manomin gida. Wancan ɗaki mai tebura ashirin da ɗan boko ya gani a Turai bai tsiro don kansa ba, da hannun hukuma a ciki. A ƙarshen 2017 wata tsohuwa mai suna Jay Fai, da ke soya wainar ƙwai da ƙaguwa a kan gawayi a gefen titin Bankok, ta sami tauraron Michelin, lambar da manyan otal-otal ke mafarkin samu.

Dare da tsoro

Mai karatu zai iya cewa wannan kwatanci ya yi nisa, kuma yana da hujja. Singafo birni ne guda mai tashar jiragen ruwa da baitulmali cike. Gabashin Sakkwato kuwa yana fama da abin da ya fi tsabtar kwano gaggawa. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, dubbai suka gudu zuwa Gandi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. A ranar 17 ga Oktoban wannan shekara aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Inda ake rufe ƙofa da magariba, ana iya ganin zancen teburin dare a matsayin maganar wanda ya ƙoshi.

Gaskiya ne zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma babu rumfar da za ta maye gurbin tsaro. Amma rashin tsaron nan shi ne ya ƙara wa sana'ar abinci nauyi. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin garuruwa, ba gona, ba rumbu. Matar da aka kashe wa miji, jarin da ya fi kusa da hannunta shi ne tukunya da murhu. Saurayin da aka raba da gonar ubansa, idan bai hau babur ba, tebur zai kafa. Cunkoson ya kuma ƙara haɗarin cuta. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da suka ji jiki. Ruwan da ake dama kunu da shi da wanda ake ɗauraye kofi a ciki magana ce ta rai da mutuwa. Singafo ma ba ta jira ta yi arziki kafin ta fara ba, ta soma ne tana ƙaramar ƙasa da ba ta daɗe da samun 'yanci ba, tana fama da rashin aikin yi.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota, da kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abin ci. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, aikin da ake magana a kai bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba.

Abin da ake buƙata a babbar tashar kowane gari daga cikin ukun shi ne rumfa mai daɓen siminti, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da fitilu, da magudana, da makewayi, da wurin wanke hannu. A yi wa masu shayi da masu abinci rajista ta hannun shugabanninsu, kuɗin da ake karɓa a hannunsu ya zama a rubuce, kuma a ga abin da aka yi da shi. Duba-gari ya dawo bakin aikinsa na asali, ya duba ruwa da kwano ya ba da shaidar da za a rataye, maimakon ya karɓi na goro ya wuce. A keɓe sashe na mata, mai shinge da ƙofarsa, inda manyan mata za su karɓi abincin matan da ke cikin gida su sayar a kan kaso, domin farantin ya sauka daga kan yarinya ba tare da cinikin uwarta ya mutu ba. Waya da tura kuɗi ta banki sun riga sun sauƙaƙa wannan a birane.

Sai kuma a ɗaura tukunyar da gonar. Ƙungiyoyin matan da ke turara shanshera suna buƙatar injin cire tsakuwa fiye da yadda suke buƙatar jawabi. Karyayyar shinkafar da ake sayarwa da arha ita ce irin wadda mutanen Asiya ke niƙawa su yi taliya. Taliyar murji da matan Hausa suka daɗe suna yi da ɗan injin hannu tana iya zama a busar, a auna, a ƙunsa da yajin daddawa da tafarnuwar Wurno, ta hau teburin mai shayi kusa da ta kamfani. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar aikin gona a nan kusa, kuma irin wannan gwaji bai fi ƙarfin ɗaliban digiri na biyu ba. Ba lallai ne ta kori Indomie ba. Ko faranti ɗaya cikin biyar ta karɓe, kuɗin da ke tafiya Ota da ƙetare ya fara kwana a kwarin Rima.

Akwai rabon masu ilimi da ma'aikata a ciki, domin su ne ke raba daraja. Wanda ya zauna a shagon mamak a Kuala Lumpur ya ɗauki hoto, amma yake jin nauyin a gan shi a bencin mai shayin garinsu, ya taimaka wajen tabbatar da cewa bencin ba zai gyaru ba. Mai sana'a yana gyara wurinsa ne gwargwadon masu zuwa da abin da suke nema a wurinsa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin a matsayin ribaɗi kuma aka binne shi a can a 1837, ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina littafin Usulus Siyasa, inda ya lissafa kula da masu sana'a, har da manoma da mahauta da 'yan kasuwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, cikin wajiban shugaba. Ya yi wannan wasiyya ne a zamanin da shi ma yake fama da hare-hare a kan iyakokinsa, kuma ribaɗin da ya gina garkuwa ce da kasuwa a lokaci guda. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo ba sa buƙatar tikitin jirgi zuwa Singafo kafin su fara. Rijiya ɗaya da rumfa ɗaya a tashar garinsu sun isa a soma da su a kasafin kuɗin baɗi.